Mangwaron Tsohon Gida

Kakata ba ta taɓa shiga gidan mutum hannu rabbana ba. Ko maƙwabciya za ta leƙa a unguwar Shagari Lokos, sai ta ƙulle 'yar gyaɗa a bakin zani. Shi ya sa ranar da na ɗauke ta daga Jimeta zuwa gandun dajin da ke can kudu, ta cika leda da soyayyiyar gyaɗa. A cikin dajin aka haife ta, kafin gwamnati ta killace shi ta tashi ƙauyensu. Birai ne a gidan babanta yanzu, kuma a wurinta su ne masu gida.

A bakin shiga mai gadi ya karɓe ledar. Ya ce ba a ciyar da namun daji, ba a kuma fita da ko ganye. Kaka ta yi magiya, ta yi faɗa, har ta tambaye shi ko waye ya rene shi. Ya tsaya kai da fata. Muka shiga da rakiyar mai gadin, Kaka tana ƙunƙuni, wai yau ta zama baƙuwa marar kunya.

Daji ne mai duhu da sanyi. Mun ga sawun ɓauna a bakin rafi, gwanki ya gifta mana da gudu, tsuntsaye kuma sun cika mana kunne. Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba, ni kuwa tausayinta ya kama ni.

Sai ga wani ƙaton mangwaro a tsakiyar kurmi, inda babu wanda zai zaci an taɓa yin gida. Babanta ne ya dasa shi. A samansa wasu baƙaƙen birai ne masu farin gashi a kafaɗa, jelarsu na reto. Kaka ta rusuna ta gaishe su da yarenmu, ta ba su haƙuri cewa ta zo haka nan. Wani babba ya yi tsalle, reshe ya girgiza, nunannun mangwaro suka zubo a gabanta.

Ta ɗauki ɗaya ta kalli mai gadin.

"Ɗana, ka ce ba a fita da shi. To, a ci a nan fa?"

Ya yi dariya ya kau da kai. Ta zauna a kan saiwa ta shanye shi tas, ruwan na bin gwiwar hannunta. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin wannan ba.

"Sun karɓe ni," in ji ta.