Gwaggo Sitabon da jarrabawar Ingilishi

Duk wanda ya san Gwaggo Saratu a Dogon Dutsi ya san ta da farin ƙyallen nan na masu dafa abinci ɗaure a gaba. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa majami'a, har jana'izar mijinta da shi ta je. In ka taɓa ta da gardama sai ta bugi ƙirji ta ce, "Kai, ka san da wa kake magana? Ni ce Sitabon!"

Sunan ya samo asali ne daga Baturiyar mishan da ta yi wa aikin kuku shekara da shekaru. Baturiyar 'yar Ingila ce, kuma duk ran da suka yi sa-in-sa a kan gishiri sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Saratu, yu a sitabon!" Gwaggo kuwa ta ji 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, suna cewa "bon" a Faransanci abu mai kyau ne. Shi ke nan, ta ce sarauta aka ba ta, ta riƙe abinta.

Ni ɗiyar ƙanenta ce. An kawo ni gidanta daga Matankari don in yi kwaleji, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Lissafi da Faransanci ba su dame ni ba, amma Ingilishi ya zame mini ƙashi a wuya. A shekarar ƙarshe babana ya aiko da magana ɗaya: in na faɗi jarrabawa ba maimaitawa, in tattara kayana in koma gona. Ni kuwa aikin jinya nake so kamar raina. Na zauna ina kuka.

"Share hawaye," in ji Gwaggo. "Ingilishin da ni dahwa shekara ashirin shi zai kada ki? A gidan nan?"

Tun daga ranar ba a ba ni tuwo sai na biya da kalma. Ta ɗaga cokali, in ce "sifun". Ta nuna gishiri, in ce "solt". Matsalar ita ce Ingilishin Gwaggo bai taɓa fita daga madafa ba. Wata rana na tambaye ta yadda ake cewa gwamnati, sai ta ce, "Ana cin ta? To ba ta cikin jarrabawa."

Takarda kuwa ba ta yarda a ɓata ba. Da gawayi na rubuta kalmomin aikatau a bangon madafa, tun daga ƙasa har inda hannuna ya kai. Da magini ya zo yaɓe kafin damina, ta tare ƙofa da muciya.

"Inna, bangon zai zube fa!"

"Ya zube bayan jarrabawa. Yanzu shi ma ɗan lakwal ne."

Akwai wani littafin labari da Mushe, malaminmu, ya ce mu karanta mu iya bayaninsa. Kullum da la'asar sai ta sa ni in karanta da ƙarfi tana tsince wake, sannan in mayar mata da shi Hausa. Ba ta bari in wuce shafi sai ta yi wa mutanen ciki shari'a. "Dakata! Mi ya sa ta yi mashi ƙarya? Kuma tun jiya suke ta magana, ba wanda ya ɗora tukunya?" Haushi nake ji lokacin, wallahi. Sai daga baya na gane tambayoyinta su ne na Mushe, ita dai tana yin su da faɗa.

Ita ce ta je mishan ta zauna a ƙofa tun safe har aka gaji aka ara mata ƙamus. A cikinsa, wata azahar, na ci karo da sunanta, "stubborn". Mai taurin kai. Wanda ba ya jin magana. Na dube ta tana hura wuta cikin farin ƙyallenta, na rufe littafin.

Ranar jarrabawar baki ta raka ni, ta zauna a rana daf da tagar ajin. Mai gadi ya kore ta sau uku, sau uku tana komawa. Mai jarrabawar baƙo ne daga Yamai. Ya ce da Ingilishi in ba shi labarin wani na gidanmu. Kaina ya ɗauke ƙaf, har sunana na manta. Na waiga taga, sai ga farin ƙyalle. Bakina ya buɗe da kansa na ce gwaggona sitabon ce.

Ya ɗaga gira. Ya ce na san ma'anar kalmar? Na ce na sani. Na ba shi labarin cokali da gishiri, da bango da muciya, na nuna masa ita ta taga. Ban san inda kalmomin suka fito ba. Mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau, ya rubuta abin da ya rubuta. Na ci jarrabawa, na kuma samu aikin jinyar. Bangon kuwa ya zube a ruwan farko na watan bakwai.

Shekara talatin na riƙe maganar nan a ciki. Sai da ta kwanta ciwon ajali, ina jinyarta da hannun da ta sa aka koya wa aikin, na ga ba zan bari ta tafi da ƙarya tsakaninmu ba.

"Gwaggo, sunan nan naki, ba yabo ba ne. Mai taurin kai yake nufi."

Ta buɗe ido ɗaya. "Ke, ɗiyar nan! Kin ɗauka ban ga fuskar Baturiyar ba sa'ad da take hwaɗi? Na sani tun ranar."

"To don me kika riƙe shi?"

"Da mai laushin kai anka kai ki gidanta, da yanzu kina Matankari kina noma. Gyara mini ƙyallena."

Na gyara mata, ina dariya ina hawaye. Da shi muka rufe ta bayan kwana huɗu. Har yau in na ɗauki cokali sai na ji kewarta ta soke ni.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Saratu ta zo ƙofarka. Ka buɗe mata da wuri, don ko an kore ta ba tashi za ta yi ba. Ka ba ta hutawa. Amin.