Takalman Kakana da Na Ɓoye

Assalamu alaikum. A shekarun da zan ba da labarinsu ni budurwa ce mai baki, ina karatu a wata kwaleji a nan Katsina, ina zaune a gidan kakana kusa da Ƙofar 'Yandaka. Mahaifina ya rasu tun ina goye, kakan nan shi ya riƙe ni. Amarya yake kirana, ni kuma in ce masa angon da ba haƙori. Kullum sai mun yi faɗan tuwo, yana cewa zai sake ni ya samo wadda ta iya miya, ina cewa ba mai karɓar tsoho sai ni da tausayi ya yi wa yawa.

Tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, amma abin da aka fi saninsa da shi ziyarar Juma'a. Da an sauko daga masallaci sai ya cika aljihun babbar rigarsa da dabino ya kama hanya a ƙafa. Ya leƙa gidajen 'ya'yansa mata a cikin gari, ya biya wa matar ƙanensa da ya rasu, ya ƙare a Kambarawa gidan baffana, babban ɗansa. Ba ya daɗewa, ruwa kawai yake sha, ya tambayi lafiyar kowa da sunansa har jarirai. Gwaggonnina biyu sun daɗe ba sa ga maciji, amma kowane mako sai ya ce wa kowacce 'yar'uwarta na gaishe ta, alhali babu wadda ta aiko shi. Da wannan gaisuwar ya lallaɓa su har suka shirya.

Sai mantuwa ta fara kama shi. Wata Juma'a ya fita bai dawo ba, muka bazu nema hankali a tashe, sai gab da magariba wani ɗan acaba ya kawo shi, ya ce a bakin tasha ya gan shi yana tambayar hanyar gidansa. Baffa ya tara dangi aka yi shawara. Kulle ƙofa a kan dattijo abin kunya ne, amma kowa ya san bai taɓa taka waje ba takalmi ba. Aka ce a riƙa ɓoye takalman, kuma ni aka ɗora wa, tunda ni ce abokiyar wasansa. Kowa ya yi alkawarin cewa daga yanzu su za su riƙa zuwa wurinsa.

Haka aka fara. Baffa ya kai shi masallaci a mota ya dawo da shi, ni kuma da ya cire takalman in lallaɓa in tura su ƙarƙashin gadona. Juma'ar farko gidan ya cika. Ta biyu aka ragu. Daga nan sai waya, wannan tana da biki, wancan yana da baƙi, Baffa ma daga ƙofa yake juyawa. Kakana kuwa bai fasa cika aljihu da dabino ba. Sai ya zauna a zaure yana tambayata takalmansa, ni kuma in ce ɓera ya ja su, ko in ce angon kirki ba ya barin amarya ita kaɗai. Da farko yana dariya. Daga baya ya daina, ni ma wasan ya fara yi mini ɗaci a baki, amma ina tsoron in ba shi ya fita ya ɓace.

Wata Juma'a da la'asar na kai masa ruwa, na tarar hankalinsa ya dawo sarai. Ya dube ni ya ce, "Amarya, na san ke kika ɗauke takalman, kuma ban ce ki ba ni ba. Ki dai je ki gaya wa dangi ba yar da su na yi ba. Kada su ga shiru su ce na manta da su."

Ya juye dabinon a tafin hannuna. Na koma ɗaki na yi kukan da ban taɓa yi ba, don ni na zaci ƙorafi zai yi cewa an guje shi, ashe shi kansa yake ɗora wa laifi. Washegari na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na isar da saƙon. Kowa ya ce Allah sarki, in sha Allahu yana nan tafe cikin mako. Wasu da gaske suke yi, na sani. Kafin makon ya zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar zaman makoki na leƙo daga cikin gida, na ga takalma jibge a ƙofar zauren nan har babu wurin sa ƙafa. Duk waɗanda kakana ya yi ta jiran zuwansu, ga su nan sun zo. Nasa kuwa suna ƙarƙashin gadona, dunduniyarsu ta cinye saboda zuwa gidajen mutanen da ke zaune suna karɓar gaisuwa. Har yau suna wurina, na kasa bayar da su.

Ban ce shawarar da aka yanke kuskure ce ba, domin da an bar shi wataƙila mota ce za ta buge shi. Kuskurenmu shi ne mun saba a zo mana, ba mu taɓa koyon zuwa ba, kuma ni da nake kwana gida ɗaya da shi na tsaya wasa a lokacin da ya kamata in ɗaga wa dangi murya. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana. Ina roƙon duk mai tsoho a gida, idan larura ta sa kun ɓoye masa takalmi, ku sa naku ku je ku same shi tun yana zaune a zaure.