Jan Fentin Gunvor Tveit

Ku gafarce ni, abokan tafiya, da na dame ku da wannan takarda a makon makoki. Dole ce ta sa.

Ranar Laraba, uku ga Satumba, Oddvar ya kira ni da hantsi ya ce matarsa Gunvor ta cika a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Shekara talatin da ɗaya tana sabunta jan fentin duwatsun da ke nuna hanya daga bukkar ƙungiyarmu zuwa tabki, a nan tsaunukan Setesdal. Bana rabi ta yi ciwo ya kwantar da ita. Sauran alamomin sun koɗe, ƙanƙara kuma ta kusa sauka, ga baƙi na ta hawa.

Gunvor, ke kika fara fitar da ni hawan tsauni, ina da shekara arba'in, ban taɓa kwana nesa da kwalta ba. A bakin rafin farko na ƙame, ruwa iya idon sawu. Kunya ta kama ni, na ce wasu na lilo da igiya a bakin kwazazzabo, ni ga abin da ya gagare ni. Kika ce: “Rabu da masu igiya, Zulai, wasunsu hamma suke yi a can sama. Ke da kika ƙame a bakin rafi, ke kika fito kasada yau. Taka, kofi na hucewa.” Na taka. Har gobe da wannan nake auna tafiya.

A ranar ce kuma na yi kuskure. Azahar ta yi, na ratse gefe, na tara duwatsu a gabana don kada a gitta, na tayar da salla. Kika jira har na sallame, sannan kika rushe su ɗaya bayan ɗaya. Kika ce tarin dutse a nan magana ce: wanda hazo ya rufe zai bi nawa ya nufi rami. Ba ki ɗaga murya ba, ni dai na kasa cin gurasata. Tun daga nan, in lokaci ya yi, sandarki kike kafa mini, ki juya baya kina yanka cuku, kina mitar sallata ta fi ta bara tsawo.

Addininmu ba ɗaya ba ne, ba kuwa zan faɗi abin da ban sani ba. Na shaida alherinki, na bar lamarinki ga Mai rahama. Oddvar, da 'yarku Ragnhild da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sanyaya zukatanku.

Abokan tafiya, saura kilomita shida ba a sabunta fentinsu ba. Oddvar ya ba ni gwangwanayen fentin da burushinta, amma aikin na mutum huɗu ne, kuma ban taɓa hawa ba tare da ita ba. Asabar zan tashi da bakwai na safe. Don Allah wanda zai zo ya ba ni amsa kafin Alhamis.

Zulaihatu