Yadda Na Koyi Kallon Ɗiyata

Matata ta rasu ana tsakiyar dashen albasa, ta bar mini ɗiya ɗaya mai shekara takwas. Yarinyar kurma ce tun haihuwa. Ita da uwarta suna da maganarsu ta hannu, wadda suka haɗa tsakaninsu a bakin murhu. Ni ban san komai a cikinta ba. 'Yar farina ce, kuma a gidanmu a Kashin Zama uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama ya zuba masa ido. Haka na taso na gani, haka na yi.

Bayan sadakar arba'in sai ta daina ɗaga wa kowa hannu. A makaranta kifa kai take yi bisa benci har a tashi. Hedimasta ya kira ni, ya ce cikin tausayi in ba ta sake ba zuwa ƙarshen zango, gara ta zauna gida. Amma in jira Laraba, akwai malamar da ke zagaya makarantun Jega, Aliero da Maiyama don irin waɗannan yara.

Ta iso kan kabu-kabu, dattijuwa gajera da jakar katuna masu zane. Ba ta buɗe jakar ba. Ƙasa ta zauna gaban yarinyar, duk motsin da yarinyar ta yi sai ta maimaita. Can ta ce in zo in zauna ina fuskantar ɗiyata. Na zauna, idona yana gefe.

"Malam, mi kake kallo ga bango? Ƙadangaren ne ɗiyarka?"

"Malama, ta fari ce."

"Na sani. Ni ma ta fari ce, babana har ya koma ga Allah 'waccan' yake ce mini. Amma ni ina jin muryarsa ta bayan zana. Wagga da ido take ji. In ka kau da kai, ka fita ɗakin ke nan."

Na juyo.

Ban taɓa lura goshin uwarta ne da ita ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗaga hannu a hankali, ta shafa haɓa, ta nuna ni. Malamar ta ce, "To, ka ji sunanka. Tun yaushe ake kiranka ba ka amsawa."

Daga ranar, kowace Laraba nakan bar fadama da hantsi in je aji. Malamar ba ta jefar da maganar da marigayiya ta bari ba. Tare muka koya daga bakin yarinyar, in ana iya cewa baki, sannan malamar ta riƙa ɗora maganar hannu ta makaranta a kai. Yatsuna sun saba da fartanya, sun yi tauri, ɗiyata har faɗuwa take don dariya in na karkace alama.

Inna, mahaifiyata, ta same mu tsakar gida muna haka, ta riƙe baki. "Kai, ina kunyarka?"

"Inna, uwarta ta tafi. Wa ya rage?"

Ta koma ɗaki. Bayan kwana biyu ta tambaye ni yadda ake cewa "zo ki ci tuwo."

Ƙarshen zango hedimasta bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tambaya ba. Yanzu tana aji biyar, a bencin gaba, inda take ganin fuskar malami sosai.