Muryar da Ta Shiga Gangar Labbo

Ban taɓa mantawa da ranar da na bar wani bawan Allah ya ɗauki laifin wayata ba. Na yi kurakurai da yawa a sana'ar ɗaukar waƙa a kaset, amma da za a ce in zaɓi ɗaya in goge, wannan zan zaɓa, ko da yake ƙarshensa dariya ce.

Abin ya faru shekaru kaɗan bayan an ba mu Jihar Kebbi. Na mayar da ɗakin da ke jikin zaurena a Jega wurin ɗaukar waƙa. Ku da kuke aiki da kwamfuta yanzu, ga yadda muke yi: rikoda mai bakin kaset biyu, ƙaramar na'urar haɗa sauti, makirfo biyu, sai batirin mota. Bango kuwa buhunan albasa na kafa masa don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Kaset ɗin da aka fara ɗauka shi muke kira uwa, daga ita ake kwafar na sayarwa. Ba ni da abin sawa a kunne, allurar rikoda kawai nake kallo tana rawa.

Ranar wata kasuwa na ga waya gajeruwa mai bakin ruwan zinariya a cikin kwali mai hoto. Na saye ta da tsada, na haɗa rikoda da na'urar sauti da ita, na juya ta yadda duk wanda ya shigo zai gani. Da na zo kan doguwar wayar makirfo, sai na sayi fara da ja ɗin nan ta ƙwan lantarki. Malam Isiya mai gyaran rediyo ya gan ni da ita a hannu.

"Garba, wagga ba ta makirfo ba ta. Nemi mai raga ciki." Ragar ita ce saƙar tagulla da ke lulluɓe wayar tsakiya, ta kare ta daga kwasar sautin waje.

Na ce masa waya waya ce. Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

Babban aikina na farko shi ne na Baba Bawa, mawaƙin manoman albasa daga Aliero. Ya zo da hantsi da 'yan amshinsa da makaɗinsa Labbo, mutumin wajen Maiyama, wanda ya shekara ashirin yana buga masa gangar noma. Ganga tana da ƙarfi, in ta zauna a ɗaki za ta danne murya. Saboda haka na zaunar da Labbo can ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, na ja masa makirfo da doguwar wayar nan.

Waƙa ta yi daɗi. Muka mayar da kaset muka zauna saurare. Sai ga shi duk inda ganga ta ɗan tsaya, wata siririyar murya tana ƙus-ƙus daga can ƙasa.

"Garba, wa ka magana cikin waƙata?" in ji Baba Bawa.

Na kunna na'ura na rage makirfon ganga, murya ta ɓace. Na ƙara, ta dawo. Nan take na tuna maganar Malam Isiya. Amma 'yan amshi sun riga sun ja da baya daga Labbo, ɗayansu yana cewa da ma ya sha jin gangar nan tana gunji ita kaɗai. Baba Bawa ya dube ni. Ga wayar zinariya tana ƙyalli a gabansa, ni kuma na gama cika baki a kanta. Sai na ji bakina ya ce, "Ni dai na'ura ba ta ƙarya."

Labbo ya rataya gangarsa ya fita. Baba Bawa ya ce ba zai je gaban manoma da gangar da iska ta shiga ba, sai an ga abin da hali ya yi. Lokacin cirar albasa ke nan, lokacin da makaɗi ke samun abincin shekara.

Mako uku ina fama da zuciyata. Matata Kulu ce ta kwance ni. Wata rana tana tankaɗe ta sa kaset ɗin, ta ƙure murya, ta kara kunne. Sai na ji ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, aljanin ga naku, jakinai ya ɓace?"

"Wane jaki?"

"Saurara! Ana cigiyar jaki mai tabo ga cinyar hagu, wanda yag gani shi kai gidan hakimi. Ai ni na ji ta ga rediyo rannan da hantsi!"

Doguwar wayata ta zama eriya, ta kwaso gidan rediyo ta zuba a waƙa. Na gaya mata gaskiya, cewa tun ranar na san waya ce. Dariya ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "To, tuwonka na nan, amma sai ka dawo daga Maiyama."

Na biya wurin Malam Isiya ya auna mini mai raga. Ba ta kai rabin tsadar ta zinariya ba. Na ɗaure kaya a babur, na ɗauki Baba Bawa a Aliero, muka nufi gidan Labbo. A ƙofar gida, gaban maƙwabta, na shimfiɗa tsohuwar wayar a ƙasa, ba ganga ba makaɗi, na kunna. Sai ga mai rediyo yana gai da masu saurare. Na cire na sa mai raga, tsit kake ji. Na ba su labarin cigiyar jakin da Kulu ta jiyo a cikin kaset. Na durƙusa na ce, "Kawu Labbo, na sani tun ranar. Kunya ta hana ni hwaɗi. Ka yahe mini."

Labbo ya shiga gida ya fito da gangar. Fatarta sabuwa ce fil. Ashe ya yanke tsohuwar, wadda mahaifinsa ya ɗaura da hannunsa, ya binne ta a bayan gari don a rabu da iska. Wannan ita ce ba zan iya mayarwa ba har in mutu.

Amma Labbo mutum ne. Ya ce, "Tashi, ɗan nema. Ni tambaya guda gare ni: an gane jakin?"

Wuri ya kaure da dariya. Baba Bawa ya rungume shi yana cewa, "Labbo, ni ma na ci amanar shekara ashirin bisa ƙus-ƙus." Labbo ya ce, "Kai da ma kunnenka ya tsuhwa, ba ni riƙe ka."

Ba mu koma Jega ba. Nan muka ɗauki waƙar a ƙofar gidansa, mata na guɗa ta kan katanga, manoma na jefa hula sama. Baba Bawa ya ƙara baiti nan take, yana wasa Labbo da "mai gangar da ta fi rediyo nisa". Uwar kaset ɗin nan ta haifi 'ya'ya har bakin rikodata ya gaji, kuma Labbo ya samu sauran bukukuwan cirar albasa gaba ɗaya.

Ga abin da na koya. Tsada ba ta ɗaukar waƙa, araha ma ba laifi ba ce. Gajeruwar waya ko wace iri ta wadatar, doguwar da ke ɗauko murya ita ake kashe wa kuɗi. Mutanen da ke zuwa wurinmu kuwa ba su san cikin na'ura ba, abin da muka faɗa shi za su ɗauka su tafi da shi gida. Don Allah, 'yan'uwa, ranar da aikinku ya ɓaci, ku fara laluben kayanku kafin ku ɗaga ido ku dubi mutum. In kuma kun gano naku ne, ku faɗa tun mutumin bai fita ƙofa ba.