Hukuncin da na kasa yankewa a shagon tela

Shekarun baya, a kakar nan da aka katse mana layin waya a Birnin Gwari aka kuma hana hawan babur, ni da abokaina uku muna da wani abin kashe lokaci wanda har yau in na ba da labarinsa sai a yi mini kallon marar aikin yi. Ina koyarwa a sakandare a lokacin. Wani wasa ne na koya a Zariya ina ɗalibi, na dawo gida da littafin dokokinsa, da Turanci, gefen shafukan duk ya nannaɗe.

Ga yadda ake yin sa, don waɗanda ba su sani ba. Mutum ɗaya ke ba da labari, shi ne kuma alƙali. Sauran kowa yana da jaruminsa a rubuce a takarda: ƙarfinsa, makaminsa, da yawan saran da zai iya sha kafin ya faɗi. Alƙali ya ce ga halin da kuke ciki, in layi ya zo kan mutum ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa dayis irin na lido amma mai fuska ashirin, a ga ko ya dace. Ni ne alƙali saboda ni ne mai littafi, kuma ba ƙaramin ji da kai nake yi da wannan muƙami ba.

A shagon abokina tela muke zama ranar Asabar bayan la'asar. Ya zana mana gida-gida da allin ɗinki a bayan kwali, maɓallai su ne mutane. Na biyu ma'aikacin asibiti ne, muna ce masa Likita ko da yake ba likita ba ne. Na uku abokina ne tun firamare, ɗan acaɓa. Da shi ya fi kowa surutu, amma tun farkon damina da 'yan bindiga suka kashe ƙanensa a hanyar gonarsu ta wajen Kakangi ya daina zuwa. Iyakar abin da muka sani ke nan: an harbe shi a hanya, washegari aka ɗauko gawa. Mun je gaisuwa, mun yi addu'a, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. A garinmu a lokacin ba a tambayar yadda aka yi. Da aka hana babur ya koma zaman gida, ni na je na lallaso shi ya dawo cikinmu. Har na yi wata dabara da nake ganin ta isa: na cire duk wani ɗan fashi daga labarin, na maye su da dodanni.

Ranar da abin ya faru, jaruman suna tsallake wani busasshen rafi sai dodanni suka fito musu daga dama da hagu. Jarumin tela yana ƙasa, aka sare shi ya faɗi, da sauran rai amma ba ya iya tashi. Na Likita yana can nesa da kwari da baka. Abokina ɗan acaɓa ne kaɗai a kan doki. Babban maɓallin kwat shi ne dokin, ƙarami a kansa shi ne mahayi. Tsakaninsa da tela gida shida, dokin kuwa yana iya gudun gida goma sha biyu.

To a nan littafin ya yi mana ƙwauron bayani. Abin da ya ce kawai shi ne, doki da mahayinsa layinsu ɗaya. Bai ce ko sai doki ya gama gudunsa ya tsaya sannan mahayi ya yi aikinsa ba, ko kuwa mahayi yana iya aiki a tsakiyar gudu dokin ya ci gaba. In fassara ta farko ce, duk wanda ya je ɗaukar na ƙasa dole ya tsaya a tsakiyar dodanni har layi ya zagayo, wato gawa biyu. In ta biyu ce, ya sure shi ya wuce. Ga shi babu layin waya balle in duba yadda wasu suka fassara. Ni kuma da za a jira hukuncina kan doki, ko jakin kakana sau ɗaya na hau, ya zubar da ni a kwata.

Tela ya buga cinya ya ce, "To mutumina, ga ni kwance. Zaburo, ka sunkuyo ka sure ni mu wuce."

Abokina ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce, "Ba zai yiwu ba."

"Kamar yaya ba zai yiwu ba?"

"Doka ba ta yarda ba. In doki ya tashi sai ya kai inda za shi. In na tsaya a kanka, dukanmu sun cinye mu."

Abin ya ba ni mamaki. A al'ada 'yan wasa sauƙi suke nema, ni ke tsanantawa. Wannan abokin nawa ya taɓa shafe rabin awa yana musu da ni cewa jaruminsa zai iya tsallake rijiya da akuya a kafaɗa. Yau shi ne ke neman a ƙuntata masa.

Tela ya fizge littafin daga hannuna, yana bin layin da yatsa. "Ina aka rubuta? Nuna mini. Malam, ai cewa aka yi layinsu ɗaya. In layinsu ɗaya ne, tare suke aiki ke nan."

"Kai ka taɓa ɗaukar ƙato daga ƙasa kana cikin gudu?" in ji abokina. Muryarsa ta fara canzawa, amma ba wanda ya kula sai Likita, wanda na ga ya ajiye bironsa.

"Wasa ne fa, ba gaske ba. A jefa dayis mu gani."

"Ba abin da za a jefa. Abin da ba zai yiwu ba, ba a jefa masa dayis."

Tela mutum ne mai barkwanci, bakinsa yana riga tunaninsa fita. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, tsoro kake ji. Wane irin jarumi ne zai ga ɗan'uwansa a ƙasa ya ƙara wuta?"

Abokina ya miƙe tsaye har bencin ya kife. Ya dafa teburin yanka, hannunsa ya sauka a kan babban almakashin tela, ya damƙe. Har yau ba na jin ya san abin da ya riƙe.

"Maimaita."

"Haba mutumina, ai wasa..."

"Na ce ka maimaita."

Shagon ƙarami ne, ƙofa ɗaya, kuma shi ke tsaye a bakinta. Likita ya matso a hankali har kafaɗarsa ta shiga tsakaninsu. Ni kuwa alƙali ina zaune da littafin da tela ya jefo mini a cinya.

Sai abokina ya juyo kaina. Idanunsa sun yi jajir.

"Malam, kai ne alƙali. Yanke. Mutum yana cikin gudu, ana bin sa, na bayansa ya faɗi. Zai yiwu ya ɗauke shi, ko ba zai yiwu ba?"

Gaskiyar magana, tun kafin musun ya yi zafi na riga na yanke a raina cewa tela ne da gaskiya. Fassararsa ta fi daɗin wasa, kuma ina son in nuna na fi kowa jin Turancin. Kalmar "zai" ta riga ta hau harshena. Sai kunnena ya maimaita mini abin da ya faɗa: na bayansa. A wasan, jarumin tela ba a bayan kowa yake ba, da ƙafa yake tafiya. A babur ne ake da na baya.

Na sunkuya kan shafin kamar mai karatu, ba na ganin harafi ko ɗaya. Na ce, "Littafin bai faɗa ba."

"Ban tambayi littafi ba. Kai na tambaya."

In na ce zai yiwu, na ɗora masa dutsen da ba zai sauke ba har kabari. In na ce ba zai yiwu ba, ya san ni tun muna yara, zai gane lallashi ne. Na ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ya tsaya yana kallona, ni ina kallon hannunsa. Can sai yatsun suka saki, ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙofa.

Ya ce shi ya goyo ƙanen nasa a babur ranar. Sun taso daga gona da rana tsaka, suna shan wata kwana sai harbi daga cikin daji. Ya kwanta a kan tankin babur ya ƙara wuta. Yaron yana riƙe da rigarsa ta baya, sai ya ji hannun ya saki.

"Babur ya yi sauƙi," in ji shi. "Kun san yadda babur ke yi in an sauke kaya? Haka na ji. Na duba madubi na gan shi a ƙasa. Ban tsaya ba. Na zo gida na ce ya tsaya a gona zai biyo wasu. Ko Inna ba ta sani ba."

Tela ya rufe baki da hannu biyu. Likita ya tsuguna a gabansa ya ce, "Saurare ni. Ni na karɓi gawar a asibiti. Harsashin ta nan ya shiga." Ya taɓa ƙeyarsa. "Kafin ya kai ƙasa rai ya yi halinsa. Da ka tsaya, biyu za a kawo mini."

Na yi zaton wannan zai sanyaya wa abokina rai. Ya girgiza kai ya ce, "Amma ni ban san haka ba lokacin da na ƙara wuta."

Muna nan zaune har aka kira magariba. Tela ya jawo almakashin ya jefa a aljihun tebur, ya ce, "Ka yafe mini, bakina ne." Abokina ya ce, "Ba kai ba ne." Muka tafi masallaci, muka tsaya a sahu ɗaya.

Bayan kwana huɗu abokina ya same ni a makaranta, ya ce in raka shi zai gaya wa mahaifiyarsa, ba zai iya shi kaɗai ba. Muka tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar masara. Ya durƙusa ya fara, yana yi yana sarƙewa. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma daina ɓarar ba har ya kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Rigar da ka cusa ƙarƙashin katifa, da jini a bayanta, wa kake zaton ya wanke ta?"

Ya ɗago yana kallonta.

Ta ce, "Tun ranar na sani. Allah ya ɗauki ɗaya ya bar mini ɗaya, sai in zauna ina tuhumar wanda ya bar mini don me bai mutu ba? Tashi ka kawo wa Malam ruwa."

Ya tashi ya nufi randa, bai kai ba ya durƙushe. Ban taɓa jin babban mutum ya yi kuka irin na ranar ba. Ta ajiye masarar ta je ta dafa kansa, ni kuma na sulale na koma zaure.

Mun ci gaba da wasan bayan wata guda, amma na tsallake rafin nan, na ce gari ya waye jaruman duk suna wani ƙauye suna jinya. Ba wanda ya tambayi yadda suka fita. Dokar dokin kuwa har muka watse ban yanke ta ba, duk lokacin da ta taso sai in ce mahayi ya zaɓa.

Abokina yana nan lafiya, ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu, surutunsa ma ya dawo, ko da yake ba duka ba. Ni kuma abin da ya rage mini shi ne, in na ga mutum ya haƙiƙance a kan ƙaramar magana fiye da kima, a aji ne ko a gida, nakan ja baki in saurara tukuna. Na yi shekaru ana biyana albashi don in ba da amsa, amma ban taɓa faɗar abin da ya amfani wani kamar "ban sani ba" ɗin nan ba. Kuma ba hikima ce ta sa na faɗe ta ba, jama'a. Tsoro ne.