Ɓawon doyar da na hana Rakiya

Jama'a, yau ɓawon doya ya hana ni cin abinci!

Rakiya, ɗiyar kawuna ta Djougou, tana binciken sinadarai nan Parakou. Bara ta roƙe ni ɓawon doyar sakwarata. Na ce, "Ke akuya ce?" Na zuba wa tumakina. Sai ta koma wurin Maman Sadiya, wadda rumfarta ke kallon tawa a Zongo.

Yau sai ga Rakiya ta kawo mata farantai. Da ɓawon aka yi su a labo, ɗakin bincikensu! Har da sunan Maman Sadiya a jiki! Masu cin sakwarata suka tsallaka kallo, suka zauna can suka ci.

Na daure na kira Rakiya: "Ƙanwata, ɓawo fa ya taru."

Ta ce, "Yaya, tumakinki ba za su yi fushi ba?"